Martani Ga Masu Tsorata Dattawan Maiduguri Kan Toshe Jijiyar Furostet

Akwai wasu maganganu da ke zagaya majalisun Maiduguri da wayoyin mutane game da wata hanyar maganin kumburin furostet, wadda ake toshe jijiyar da ke kai masa jini ba tare da an tsaga mara ba. Masu yaɗa su ba sa faɗin sunansu, ba sa kawo hujja, kuma da yawansu sukan rufe jawabi da lambar wayar da za a kira a sayi gorar magani. Ba da su nake ba, domin wanda ya zauna ya tsara ƙarya ya riga ya san gaskiya. Da ku nake, jama'a, musamman 'ya'yan da ke jinyar iyayensu maza. Zan jera zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, in ajiye hujja kusa da kowanne, hukunci kuma naku ne.

Furostet wani ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari kuma ta tsakiyarsa ta ratsa. A jikin saurayi nauyinsa bai cika wuce giram 20 ba. Da shekaru sun ja sai ya yi ta girma: kusan rabin maza masu shekara 60 suna da wannan kumburi, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa yakan kai tara cikin goma. Kumburin ba kansa ba ne, amma wahalarsa ba ƙarama ba ce. Dattijo ya kwana yana zaryar bayi, ya tsuguna ya daɗe fitsari na ɗiga, ya yi alwala ya miƙe ya ji ɗigo a wando. Wata rana fitsarin ya ɗaure gaba ɗaya, mara ta kumbura, a ruga da shi asibiti a sa masa roba. Daga nan sai jakar fitsari a ƙarƙashin babbar riga. Mutumin da ya saba da sahun gaba ya koma yin salla a ɗaki, yana lissafin ranar canjin roba. Magani yakan fara da ƙwayoyi irin su tamsulosin da finasteride. Idan suka gaza, sai a kankare furostet ɗin ta hanyar fitsari, ko a tsaga mara a cire shi in ya yi girma ainun.

Hanyar da ake ɓata wa suna, wadda likitoci ke taƙaitawa da PAE, ita ce ta cikin jijiya. Mara lafiya yana kwance idonsa biyu. Ana yi masa allurar kashe zafi a gindin cinya ko a wuyan hannu, a huda jijiyar jini, a zura siririyar roba da kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, a bi da ita har bakin jijiyar furostet ana kallon tafiyarta a allon na'urar hoto. A nan ake sakin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi su rage jinin da ke shiga, kamar yadda mai lambu a bakin Alau yake datse ruwan fangali ɗaya ya bar sauran suna sha. Cikin makonni da watanni furostet ɗin ya yi laushi ya motse, hanyar fitsari ta samu sarari.

Zargi na farko: sun ce jijiyoyin ƙugu ba su da tsari, kowane mutum da irin nasa, don haka likita lalube yake yi a duhu. Rabin farkon maganar gaskiya ne, kuma daga wurin likitocin da suke zagi suka ji shi. Rabin ƙarshen ƙarya ce. Babbar jijiyar da ta sauko daga zuciya tana rabuwa biyu daidai saitin cibiya. Kowane reshe ya sake rabuwa, ɗaya ya nufi ƙafa, ɗaya ya shiga cikin ƙugu. Na cikin ƙugun ya kasu gaba da baya, kuma daga rassan gaba jijiyar furostet take fitowa. Siririya ce, ba ta cika wuce milimita 2 ba, tana kuma da murɗe-murɗe. Inda mutane suka bambanta shi ne ainihin wurin da ta ɓullo, wannan kuma an ƙidaya shi. A 2015 André de Assis da abokan aikinsa a Sao Paulo ta ƙasar Brazil suka wallafa nazarin ɓangarorin ƙugu 286 na marasa lafiya 143. Suka samu kusan kashi 31 cikin ɗari tana fitowa daga jijiyar da ke kai jini ga al'aura, kusan kashi 29 daga tushe ɗaya da jijiyar saman mafitsara, kusan kashi 19 daga jijiyar da ke bi ta ramin ƙashin ƙugu ta fita cinya, kusan kashi 15 kai tsaye daga reshen gaba, ragowar kusan kashi 6 kuma daga wasu wurare da ba a saba gani ba. Kafin su, a 2012, Tiago Bilhim a Lisbon ta Fotugal ya nazarci ɓangarori 150, ya nuna kashi 57 cikin ɗari jijiya ɗaya ce ke ciyar da furostet ta kowane gefe, kashi 43 kuma biyu ne. Abin da aka kasa gida biyar, aka san yawan kowane gida, ba a kiransa rashin tsari. Bayan wannan, ba da lissafin wasu ake yi wa mutum aiki ba. Ana ɗaukar hoton jijiyoyinsa shi kansa da na'urar CT, ana tura ruwan da ke bayyana jijiya a hoto, ana karkata na'urar domin rassan da suka hau kan juna su rabu a ido. Mai zargin ya san da wannan hoto, domin shi ne a zargi na biyar yake kukan yawansa. Aiki ɗaya ba zai zama lalube a duhu da safe ba, da yamma kuma ya zama hasken da ya yi yawa.

Zargi na biyu: sun ce ƙwayoyin suna kashe gaban namiji, su ruɓar da mafitsara da dubura. Da wannan suka fi kama dattawa, domin sun san magana ce da ba a iya tambaya a bainar jama'a. Jijiyar furostet takan yi ƙananan mahaɗai da jijiyoyin maƙwabtanta, kuma nazarin Bilhim ya same su a fiye da rabin ɓangarorin da ya duba. Idan likita bai lura ba, ƙwayoyi suna iya bi ta nan su kai inda ba a nufa ba. Saboda haka ne gano waɗannan mahaɗai ya zama jigon aikin. Kafin a saki ƙwaya ko ɗaya, ana tura ruwan hoto a ga inda ya bi. Idan ya nufi dubura ko azzakari, sai a ƙara tura robar ta wuce mahaɗar, ko a rufe mahaɗar da ɗan murɗaɗɗen zaren ƙarfe, sannan a ci gaba. Sakamakon fa? A binciken UK-ROPE na Birtaniya da aka wallafa a 2018, an yi wa mutum 216 wannan aiki. Biyu daga cikinsu suka samu ɗan gyambo a azzakari, ya kuma warke da kansa. Biyu cikin 216 abu ne da ya wajaba a gaya wa kowane mara lafiya kafin ya sa hannu, amma babu mai adalcin da zai kira shi kashe maza. Binciken bai samu raguwar ƙarfin gaba ba a jimillar waɗanda aka yi wa aikin. Komawar maniyyi cikin mafitsara, wadda sananniya ce bayan kankara, ta kai kusan kashi 48 cikin ɗari a waɗanda aka kankare, a waɗanda aka toshe wa jijiya kuwa kusan kashi 24. Ma'ana, mai zargin ya ɗauki fannin da wannan hanya ta fi tsohuwar sauƙi, ya juya shi ya zama laifinta. Wannan ba kuskuren fahimta ba ne.

Zargi na uku: sun ce sabon gwaji ne da Turawa ke son yi a jikin baƙar fata, kuma ko likitocin Amurka sun hana shi. A duba tarihi. A shekarar 2000 aka wallafa labarin wani dattijo a Amurka da aka toshe wa jijiyar furostet domin tsayar da fitsarin jini, sai aka ga fitsarinsa ma ya saki. A 2008 Francisco Carnevale ya fara yin aikin da niyyar maganin kumburi a Sao Paulo, João Pisco ya bi baya a Lisbon. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayoyin Embosphere domin wannan aiki. A watan Afrilun 2018 hukumar NICE ta Birtaniya ta amince a riƙa yinsa. A 2020 aka wallafa gwajin Lisbon na mutum 80, inda aka yi wa rabi aikin gaske, rabi kuma aka zura roba ba a saki komai ba, ba tare da sun sani ba, kuma waɗanda aka yi wa na gaske suka fi samun sauƙi da tazara mai yawa. Gaskiya ne ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta daɗe tana cewa kada a yi shi sai a cikin bincike. Amma a 2023 ta sauya matsayi, ta ce ana iya ba mara lafiya wannan zaɓi a hannun waɗanda suka samu horo. Mai zargin ya kawo tsohon hukunci ya ɓoye sabon. Gwajin da ake tsoratar da mu da shi an riga an yi shi a jikin mutanen Brazil da Fotugal da Ingila da Suwizalan. Abin lura kuma, bakin da ya ce za a yi gwaji da talakawanmu shi ne ya ce aikin na attajiran Turai ne, bai dace da mu ba. Tufka da warwara ke nan: ko dai an tura mana shi don mun yi arha, ko an hana mu shi don ya yi tsada. Ba za su haɗu ba.

Zargi na huɗu: sun ce yaudara ce, bai kai tiyata ba, kuma ciwon yana dawowa. Wa ya ce ya fi tiyata? A gwajin da Dominik Abt ya jagoranta a St. Gallen ta Suwizalan, wanda ya fito a mujallar BMJ a 2018, an raba mutum 103 gida biyu. Bayan mako 12, makin alamomin ciwo ya ragu da kusan 9 a waɗanda aka toshe wa jijiya, da kusan 11 a waɗanda aka kankare. Ƙarfin fitar fitsari ya fi ƙaruwa sosai bayan kankara. Matsalolin bayan aiki da zubar jini da kwanakin asibiti kuwa sun fi ƙaranci bayan toshe jijiya. Cikin shekara biyu, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka toshe wa jijiya sun koma an kankare su. Duk waɗannan alƙaluma masu binciken ne da kansu suka wallafa su, mayaudari kuwa ba ya buga raunin hajarsa a mujalla. Kankara tana nan a matsayinta, kuma ga mutane da yawa ita ce daidai. Sai dai akwai dattijon da zuciyarsa ba za ta ɗauki allurar barci ba, akwai mai shan maganin tsinka jini, akwai wanda furostet ɗinsa ya girmi kankara kuma jikinsa ba zai jure tsaga mara ba, akwai wanda ya shekara da roba domin an ce masa ba ya aikatuwa. Ga waɗannan, zaɓin ba tsakanin tiyata da toshe jijiya yake ba. Tsakanin toshe jijiya ne da zama da roba har ƙarshen rayuwa. Mai zargin bai taɓa ambaton su ba, domin su ne kasuwarsa.

Zargi na biyar: sun ce ƙwayoyin suna yawo cikin jini su tafi zuciya ko ƙwaƙwalwa, hasken hoto da ruwansa kuma suna kashe ƙoda. Jinin da ke cikin jijiyar furostet daga zuciya ya fito, ba can ya nufa ba. Kafin ya juya baya sai ya ratsa ta cikin 'yan hanyoyin da faɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Ƙwayoyin da ake amfani da su kuwa daga kashi ɗaya cikin goma ne zuwa rabin milimita. Sun ninka ƙofar aƙalla sau goma, don haka a cikin furostet suke maƙalewa, abin da ake so ke nan. Batun ƙoda kuma ba abin wasa ba ne a Borno da Yobe, inda gidaje da yawa suka san ɗakin wankin ƙoda, shi ya sa aka zaɓe shi domin razana mutane. Ruwan hoto yana iya wahalar da ƙodar da ta riga ta yi rauni, saboda haka ake gwada ƙoda kafin aiki, a rage yawan ruwan, ko a fasa aikin gaba ɗaya. Hasken hoto ma ana auna shi ana taƙaita shi. Abin da mai zargin ya yi shiru a kai shi ne, fitsarin da ya daɗe yana taruwa a mafitsara yana komawa sama ya danne ƙoda har ta lalace. Duk watan da dattijo ya ɓata yana shan gora, ƙodarsa ce ke biyan bashin.

Zargi na shida: sun ce ko da aikin yana da kyau, Maiduguri ba wurinsa ba ce, garin da ba wuta, garin da ruwa ya ci asibitinsa. Babu ɗan garin nan da yake buƙatar a tuna masa. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka karya turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe a duhu, har aka buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori masu tsada. Amma wannan asibiti da aka buɗe a 1983 shi ne ya yi dashen ƙoda a 2010, lokacin da rikicin 'yan ta'adda ya riga ya fara. Farfesa Ahmed Ahidjo, wanda aka naɗa shugabansa a 2018, likitan hoto ne, kuma aiki ta cikin jijiya shi ne fannin da ya ƙware a kai. Idan akwai garin da ya cancanci wannan ilimi ya kafu a arewa maso gabas, to wannan ne. Na'urar da ake buƙata kuma ba ta furostet kaɗai ba ce. Da ita, da sanin rassan wannan jijiya ta cikin ƙugu, ake tsayar da jinin matar da ta haihu jini ya ɓalle mata, da na wanda ƙashin ƙugunsa ya karye a hatsarin mota ko tashin bam. Da ita ake motsar da ƙarin mahaifa ba tare da an cire mahaifar ba, aikin da likitocin Faransa suka wallafa tun 1995. Wanda ya ce kada a kawo wannan na'ura Maiduguri, maijego da mai rauni yake hana wa. Hujjar rashin wuta, in aka bi ta, za ta rufe ɗakin tiyata da ɗakin wankin ƙoda da ma'ajiyar jini. Ba mu ji ya nemi a rufe waɗannan ba.

Saura abin da suke tallatawa a madadin. Sun ce gorarsu tana narkar da furostet cikin kwanaki. Ina hoton kafin sha da na bayan sha? Mutum nawa aka gwada, a wane asibiti, wa ya auna? Maganin itacen da ya fi shahara a duniya kan wannan ciwo shi ne 'ya'yan wani gajeren itace na Amurka dangin goruba. An gwada shi a kan mutum 225 a 2006, aka sake gwadawa a kan 369 a 2011 har da ninka yawansa sau uku, sau biyun duka bai fi ƙwayar da ba komai a cikinta ba. Shi ya yarda an gwada shi. Nasu ko wannan matakin bai taka ba. Lambar NAFDAC da wasunsu ke nunawa ma, a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mutumin da ya ƙi amincewa da gwajin Lisbon da na St. Gallen da binciken Birtaniya, yana neman ku amince da muryarsa a lasifika. Haɗarin kuma ya wuce asarar kuɗi: kansar furostet tana iya zama tare da kumburi, kuma gora ba ta yin gwajin jini na PSA da ke taimakawa wajen gano ta.

Hatsarin gaske a wannan aiki ɗaya ne, shi ne hannun da bai koya ba. Jijiyar dattijo mai ciwon suga ko hawan jini takan ƙanƙance ta murɗe, wani lokaci gefe ɗaya kawai ake iya shiga, wani lokaci a haƙura. Maganin wannan shi ne horo, da na'ura mai kyau, da haɗin kan likitan mafitsara da likitan hoto a kan kowane mara lafiya. Don haka ina kira ga gwamnatin Borno da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya su zuba kuɗi a horar da matasan likitocinmu a wannan fanni, su kuma sa aikin cikin inshorar lafiya domin ya isa ga talaka. Ku kuma 'ya'ya, ku kai iyayenku wurin likitan mafitsara tun fitsari bai ɗaure ba. Ku tambayi girman furostet ɗin, da sakamakon PSA, da lafiyar ƙoda, da hanyoyin da suka dace da Baba da dalilin kowacce. Idan aka kawo zancen toshe jijiya, ku tambayi mai aikin sau nawa ya yi, da abin da ya samu waɗanda ya yi wa. Likitan kirki zai amsa waɗannan tambayoyi ba tare da ɓacin rai ba. Ku ɗauki tambayoyin nan ku kai wa mai gora, ku kwatanta amsoshin biyu, sannan ku yanke hukunci.